Ƙofar Da Aka Rufe Daga Ciki

Mutanen Japan suna da wata kalma, hikikomori, watau wanda ya janye jiki ya shige ɗaki. Suna kiran saurayi ko budurwa da ita in ya yi wata shida ko fi bai je makaranta ba, bai je aiki ba, ba ya hulɗa da kowa sai mutanen gidansu. Wani ma uwarsa ta kan ajiye masa abinci a bakin ƙofa, sai ta ba da baya ya ɗauka. Wani likitansu, Saito Tamaki, shi ya yaɗa kalmar cikin littafinsa na 1998. A 2023 Gwamnatinsu ta ƙiyasta irin waɗannan mutane, daga mai shekara 15 zuwa mai 64, sun kai wajen miliyan 1 da dubu 460. Waɗansu sun shiga da ƙuruciya har furfura ta iske su a ciki, uba ɗan tamanin yana ciyad da ɗa ɗan hamsin.

Mai karatu ya iya cewa wannan ciwon masu wadata ne, mu nan yunwa ta isa ta buɗe kowace ƙofa. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Tun 1983 akwai babbar makarantar koyon sana'a ta Tarayya a Ƙaura Namoda. Uba ya kan sayad da sa don ɗansa ya shiga, yaro ya gama, ya komo Zurmi ko Shinkafi da takardar shaida, aiki ya ƙi samuwa. Gona kuwa ta yi wuyar zuwa saboda 'yan bindiga. A Satumba 2021 har kasuwannin mako aka rufe a Zamfara, aka yanke waya. Ga kuma wanda aka fanso daga daji, ya tarar an sayad da gonar gado dominsa. Da wane ido zai dubi ƙannensa? Akwai irinsu ɗaya a unguwarmu, ya shekara guda ba ya fita sai dare ya raba.

Mu ma ba baƙin keɓewa ba ne. Malami ya kan shiga halwa, mai jego ta yi kwana arba'in, mai takaba ta yi wata huɗu da kwana goma. Amma duk waɗannan da lissafinsu. An san ranar shiga, an san ranar fita, jama'a kuma suna jiran ranar. Yaron nan shi ba shi da ranar fita, kuma kowace safiya ta ƙara masa nauyin jiya, gama wanda ya ɓuya wata ɗaya ya fi jin kunyar fitowa bisa wanda ya ɓuya kwana ɗaya.

To, mene ne ya wajaba a kan iyayensa? Waɗansu sun ce a hana shi tuwo, ragonci ne. Waɗansu sun ce sammu ne, a sa masa mari. Mun dai ji abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa. A Japan ma an yi kamfanoni masu fid da yara da ƙarfi don kuɗi, har magana ta kai gaban alkali. A ganina wanda aka ɓalle wa ƙofa ya rasa wuri ɗaya tak da ya rage masa na sutura. Amma fa uwar da ta ke tura ƙwarya shekara da shekaru ba ta ce kome ba, ita ma ba ta kyauta masa ba, ko da ya ke tausayi ne ya sa ta.

Lalle mu ma da rabonmu cikin laifin. Kunya muka koya wa yaro tun yana goye, sa'an nan muka mai da gaisuwa tuhuma. "An sami aikin?" "Yaushe za mu sha biki?" Mai tambaya ya wuce ya manta, wanda aka tambaya ya kwana da ita. Waɗansu kuma ciwo ne sosai, na likita, akwai asibitin masu irinsa a Kware ta Sakkwato, kai yaro can ba abin kunya ba ne.

Na unguwarmu, wata tsohuwa uwar adashi ce ta fara shawo kansa. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, lissafina ya rikice, ga shi ba ni da ido." Ta tura littafin ta ƙarƙashin ƙyaure ta tafi. Bayan kwana uku littafi ya fito a gyare. Yanzu kowace Jumma'a ya kan buɗe mata ƙofa, su zauna su yi lissafi. Kasuwa dai har yau bai je ba.