Mai Koyar da Rawa: Ina Mazauninsa Cikin Ekklesiya?

A cikin Ekklesiyar da na ke hidima akwai wani mutum wanda sana'arsa rawa ce. Ba zan faɗi sunansa ba, gama bai roƙe ni in sa shi a takarda ba. Shekarunsa sun kusa sittin. An yi masa baftisma tun yana saurayi, matarsa ɗaya, ba a kuwa taɓa sa shi ƙarƙashin horo ba. Watanni biyu ke nan da muka zauna zaɓen dattawan Ekklesiya, sai wani ya ambaci sunansa. Wuri ya yi tsit. Can sai wani ya ce, "Pasto, mai rawa kuma?" Aka yi 'yar dariya, aka wuce zuwa suna na gaba. Ni ma ban ce uffan ba. Tun daga ran nan maganar ta hana ni sakat, shi ya sa na kawo ta gabanku, 'yan'uwa, domin na san ba garinmu kaɗai ke da irin mutumin nan ba.

Bari in fara nuna muku yadda ya ke zamansa, gama da yawa cikinmu ba mu san shi ba sai a filin biki. Da damina manomi ne kamar kowa, yana da gonar dawa da ta gyaɗa. Sai kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sa'an nan aikinsa ya kan tashi, domin lokacin ne a ke yawan aure, ga Kirsimati, ga Sabuwar Shekara, ga bikin rufe makarantu. Da la'asar, bayan yara sun ɗebo ruwa sun ɗaure awaki, su kan taru wurinsa a filin makarantar firamare, su wajen ashirin. Sabon yaro ba ya barinsa ya ɗaga ƙafa tukuna. Sai ya zaunar da shi yana tafi kawai, kwana da kwanaki, har bugun ganga ya shiga jikinsa. Ya kan ce musu kunne ke rawa, ƙafa bi ta ke yi. Yana koya musu rawar noma wadda ya gada wurin ubansa, irin wadda a ke yi da gangar noma ranar gayya. Yana koya musu Koroso ta Kano, wadda a ke yi biyu biyu da busar sarewa. Matarsa kuwa ita ke kula da 'yan mata wajen gaɗa.

Da dare, sa'ad da mu ke barci, shi yana zaune bakin fitila yana ɗinkin rigunan yara, ko yana gyaran akayau, ko yana jan fatar ganga. Ranar biki sai ya yi hayar a-kori-kura, a tashi da sassafe, a isa a zauna cikin rana ana jiran manyan baƙi. Wani lokaci su yi jiran awa huɗu domin rawar minti ashirin. Dā liƙi ne ke riƙe da shi. Amma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙa wa mutum kuɗi a wurin biki, a 2024 kuma har an hukunta waɗansu a kan wannan, saboda haka yanzu ƙwarya ya kan ajiye a tsakar fili, mai niyya ya sa. Da yamma ya biya mai mota, ya ba makaɗa da mai sarewa rabonsu, ya ba kowane yaro nasa a gaban idon sauran. Abin da ya rage shi ne nasa, wata rana kuwa ba ya isa mudun shinkafa biyu.

To, me ya sa muka yi dariya?

Dalili na fari yana da tushe, ba kuwa zan rena shi ba. Turawan Mishan na S.I.M. sun iso ƙasar nan a 1893, na S.U.M. kuma a 1904. Sa'ad da bishara ta kai ƙauyukan Maguzawa, ta tarar rawa da bori da giya a ɗaure suke da igiya ɗaya. Mai garaya ya kan kaɗa, mai caki ya kan girgiza, kowane iska da nasa kiɗa, har mai bori ya faɗi a ce iska ya hau shi. Wanda ya tuba ya kan ƙone layunsa, ya fasa tukunyar giya, ya bar filin rawa duka a rana ɗaya. Kakana yana cikinsu. Har ya mutu, in ya ji garaya daga nesa sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Iyayen nan namu sun san abin da suka fito daga ciki, kuma sun yi daidai da suka yi nesa da shi.

Amma mu tambayi Littafi Mai Tsarki, ko ya hana rawa ɗungum. Ku buɗe Littafin Fitowa, za ku sami rawa iri biyu. A sura 15 Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki abin kiɗa, mata suka bi ta suna rawa a bakin teku, domin Allah ya cece su daga Fir'auna. A sura 32 kuma jama'ar nan ɗaya ce ta ke rawa gaban ɗan maraƙi na zinariya, har Musa ya husata ya farfasa allunan dutse. Mutanen ba su sāke ba, ƙafafunsu ma su ne na dā. Abin da ya sāke shi ne wanda a ke yi wa rawar. A II Samu'ila sura 6 Sarki Dawuda ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa gaban akwatin alkawari, Mikal matarsa ta leƙo ta taga ta rena shi, Littafin kuwa bai goyi bayan Mikal ba. A Markus sura 6 'yar Hirudiya ta yi rawa gaban Hirudus da manyan baƙinsa, ladan rawar kuwa kan Yohanna Mai Baftisma ne a cikin akushi. Ubangijinmu da kansa, da ya ke ba da misalin ɗa ɓatacce a Luka sura 15, ya sa kiɗa da rawa a gidan uban. Wanda ya tsaya waje yana fushi, shi ne wan.

Ashe Littafin ba ƙafa ya ke dubawa ba. Abin da ya ke tambaya shi ne, gaban wa a ke rawar, don me a ke yinta, mene ne kuma ta haifa.

Akwai dalili na biyu, shi kuwa ba daga Littafi ya fito ba, ko da shi ke mu kan sa masa rigar tsarki. Tun kafin bishara ta zo, Bahaushe ya ajiye makaɗi da maroƙi da mai rawa a ƙarshen tabarma. Sarki yana bukatarsa, attajiri yana bukatarsa, amarya ba ta fita sai da shi, amma in ɗansa ya zo neman aure sai a ce a bincika asali. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, amma wannan bai sāke tunanin ƙauye a kan masu sana'ar ba. Renin nan muka shigo da shi majami'a a cikin aljihu, ba mu kuwa tuba daga gare shi ba, gama ba mu lissafta shi zunubi ba.

Ga abin da ya tone mu. Mu ne mu ke kiransa. Babu bikin aure a Ekklesiyarmu da ba a aika masa ba. Waɗanda suka yi dariya ran zaɓe, 'ya'yansu suna cikin yaran da ya ke koyarwa, in kuwa yaran suka ciwo kyauta a gasar makarantu, su ne su ke fara yin fahariya. In rawarsa zunubi ce, mu da mu ke biyansa ya yi ta mun fi shi laifi, sai mu daina kiransa tun yau. In kuwa ba zunubi ba ce, dariyar nan tāra ce, irin wadda Yaƙub ya tsauta wa masu bi a kanta a sura 2 ta wasiƙarsa. Ba shi yiwuwa mu riƙe duka biyu.

Ba na faɗin wannan kamar mai hannu tsarkaka. Bara waccan, a bikin ƙanwata, ni na kira shi. Muka yi ciniki, na matsa masa har ya rage. Yaransa suka yi rawa jama'a suna ta murna, amma ba a ba su abinci ba sai da baƙi duka suka gama, aka kai musu ƙanzo a bayan gida. Da yamma na ba shi rabin kuɗin, na ce sauran sai na neme shi. Mai haya kujeru na biya shi a take, mai girki ma haka. Ni da na sha koya wa mutane Kubawar Shari'a 24:15, inda aka umarta a ba ma'aikaci matalauci hakkinsa kafin rana ta faɗi, na bar nasa ya kwana wurina fiye da shekara. Mantuwa ce, amma ku lura da wanda aka manta.

Kada fa wani ya ce Pasto ya buɗe ƙofa. Sana'ar nan tana da ramummuka, na kuwa je na tambaye shi a kansu. Na ce, "Baba, biki na dare fa, da giya, da samari da 'yan mata?" Ya ce, "Pasto, 'ya'yan mutane amana ne. Rana ba ta faɗuwa mana a filin biki, kowane yaro kuma ni ke kai shi ƙofar gidansu." Ya ce kiɗan bori ya san shi sarai, gama ya ji shi tun yana goye, amma ba ya barin makaɗansa su taɓa shi ko da wasa. Ya ce kuma akwai tsofaffi biyu a unguwarsu waɗanda suka fito daga bori, in zai yi koyarwa ba ya yi kusa da gidajensu. Mutumin nan bai shiga Makarantar Littafi Mai Tsarki ba, amma yana aikata Romawa sura 14 fiye da waɗansunmu da muka rubuta jarrabawa a kanta.

Ramin da ya fi zurfi shi ne roƙo. Akwai bambanci tsakanin wanda ya yi aiki ya karɓi ladansa, da wanda ya ke zuga mai kuɗi da yabon ƙarya, ya yi wa marowaci zambo har ya bayar don kunya. A nan bai ɓoye mini ba. Ya ce lokacin zaɓen 2023 ya kai yaransa taron wani ɗan siyasa wanda ya san ba mai gaskiya ba ne, ya bari aka yi masa kirari, domin kuɗin makarantar 'yarsa ya matso. Ya ce kuɗin sun biya bukata, amma ya yi mako biyu bai iya addu'a da kyau ba. Wannan laifi ne, na kuwa gaya masa haka. Amma irin laifin ɗan kasuwa ne da ya tauye mudu, ko na Pasto da ya sassauta wa'azi saboda mai yawan baiko yana zaune a gaba. Ba mu taɓa cewa saboda haka ɗan kasuwa ba zai zama dattijo ba.

Manzo Bulus, wanda shi kansa maɗinkin tanti ne, ya jera abin da a ke nema ga shugaban Ekklesiya a I Timoti sura 3. Ya yi maganar aure, da kamewa, da karɓar baƙi, da iya koyarwa, da giya, da son kuɗi, da riƙon gida, da shaidar mutanen waje. Bai ambaci sana'a ko ɗaya ba. Mai yiwuwa ne in aka auna ɗan'uwan nan da ma'aunin nan a ga wani ya fi shi cancanta. Wannan hakkin Ekklesiya ne, ba ni da ta cewa. Amma ran nan ba mu auna shi ba sam.

Makon jiya na kai masa sauran kuɗinsa. Na same shi a zaure yana ɗaure akayau. Ya ƙirga, ya ce, "Pasto, ai na yafe tun tuni." Na ce, "Baba, ba naka ba ne kaɗai, da na yara a ciki." Sai ya yi murmushi ya sa a aljihu. Na kuma gaya wa dattawa cewa ran Asabar ta farkon wata, in Allah ya kai mu, za mu sāke zama. Za mu buɗe I Timoti sura 3, mu bi ta aya aya, a kan sunansa da sunan kowa.