Tsohuwar Roka: Ado Ne Ko Almubazzaranci?

Garin Kalgo yana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, daga nan ne kuma titin Bunza da Kamba ya ɓalle. Mai zama bakin wannan mararraba ba ya rasa abin kallo: tireloli, tifofin yashi, sai jefi-jefi tsohuwar roka mai gajeren hanci, wadda direbobi ke kira 911, tana nishi da buhunan shinkafa ko albasar Aliero. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera wannan samfuri a Jamus a 1959, ya ci gaba da tura shi ƙasashen waje har 1995, sannan masana'antar ANAMMCO ta Enugu, wadda aka buɗe a 1980, ta riƙa harhaɗa manyan motocin kamfanin a nan gida. Da yawa cikin rokokin nan sun girmi direbobinsu.

A Ingila da Amurka, mota mai irin waɗannan shekaru ta zama abin marmari. Akwai ƙungiyar Historic Commercial Vehicle Society da ke shirya jerin gwanon tsofaffin manyan motoci daga Landan zuwa Brighton tun 1962. Amurkawa ma sun kafa tasu, American Truck Historical Society, a 1971. Mutum zai sayi mushen mota, ya kwance ta har ƙusa, ya shekara yana neman fitila irin ta asali, in ya gama kuma ko buhu ɗaya ba zai ɗora mata ba.

To, a ce wani attajirin Kalgo ko Gwandu ya jawo rokar mahaifinsa daga inda ta yi shekaru a kife, ya zuba mata miliyoyi, ba don lodi ba, sai don ya riƙa ganin ta. Mene ne matsayinsa a wurin Allah?

Mafi yawan jama'a ba za su yi jinkirin cewa almubazzaranci ne ba, kuma suna da hujja. Aya ta 26 da ta 27 ta Suratul Isra'i sun yi kakkausan hani ga watsa dukiya a banza, bayan sun fara da umarnin a ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu. Bukhari ya ruwaito cewa tozarta dukiya na cikin abubuwan da Allah ya ƙi ga bayinsa. A jihar da ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa, wanda ya ga ana shafa wa ƙarfe fenti alhali maƙwabci na kwana da yunwa yana da damar ya ɗaga murya.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. Farkon Suratun Nahli, daga aya ta 5 zuwa ta 8, ya lissafa amfanin dabbobi: nama, ɗumi, ɗaukar kaya zuwa gari mai nisa. A cikin lissafin har da jin daɗin kallon su, kuma aka ambaci ƙawa tare da hawa a kan dawaki da alfadarai da jakuna. Wato sha'awar abin hawa don kyansa ni'ima ce da aka ƙirga, ba laifi ba. Mutanen ƙasar Gwandu sun san haka a aikace. Zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo doki kayan yaƙi ne da tafiya. Yau ba a fita daga da shi, amma ana ciyar da shi shekara guda, a saya masa sirdi da linzami masu tsada, don hawan Sallah. Ba a ji malamai sun haramta ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa dawaki uku: na lada, na rufin asiri, da wanda ke zame wa mai shi zunubi saboda ya ɗaure shi don alfahari da riya. Dokin ɗaya ne. Abin da ke zuciyar mai turken ne ya bambanta su. Wannan ma'auni ya dace da roka tsaf.

Fiƙihun Malikiyya ma niyyar yake bi. A Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, kayan da aka mallaka don amfanin kai ba su da zakka, na kasuwanci ne ke da ita. Wanda ya gyara rokar gado ya ajiye, babu zakka a kan ƙarfen. Wanda ya saye ta yana jiran ta yi tsada ya sayar, ɗan kasuwa ne, zai fitar da zakka ranar da kuɗin suka shigo hannunsa, in shekara ta riga ta cika. Ba zai yiwu ya kira ta abin tunawa a gaban malami, ya kira ta haja a gaban dillali ba.

Kuma akwai abin da ya cancanci a adana. Layin dogo bai taɓa isowa ƙasar Kabi ba. A Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Babbar mota ce ta haɗa wannan yanki da Gusau da Kano da kudu, ita ta kwashi amfanin gona da shanu da fatake. Sana'o'i sun tsiro a jikinta: kafintan da ke haɗa bodin katako, mai zanen da ke rubuta addu'a a goshinta, mai walda, da bakaniken da ke gane ciwon inji da kunne kawai, domin 911 ba ta san kwamfuta ba. Duk rokar da 'yan gwangwan suka yanka suka auna a sikeli, wani yanki na wannan ilimi ya bi ta. Attajirin da ya tsamo guda ɗaya, ya biya tsofaffin makanikai haƙƙinsu, ya bar yaran gareji da ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke kan titin Kalgo zuwa Bunza su zo su gani, da wuya a kira shi mai ɓarna, matuƙar iyalinsa ba su rasa ba, bashi bai hau kansa ba.

Inda ya kamata wa'azi ya fi zafi wani wuri ne daban, kuma ba a cika taɓa shi ba. Motar da aka ajiye don kallo ba ta kashe kowa. Wadda ke kan titi ce abin tsoro, in an sabunta fentinta aka bar birkinta, aka lafta mata kaya fiye da ƙima, sannan 'yan kasuwa suka hau saman buhuna. Mai motar da ya san tayarsa ta suɗe, ya ce wa direba "je ka, Allah ya tsare", ya ɗauki alhakin rayuka, kuma kiran sunan ƙaddara bayan an kife ba zai wanke shi ba. Haka wanda ya like tsagewar shasi da walda, ya rufe da fenti, ya kai kasuwa. Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawatar wa mai sayarwa kan algus. A mazhabar Malik wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye na da ikon mayar da motar ya karɓi kuɗinsa idan aibin ya fito daga baya.