Makaranta Marar Aji

'Yan'uwa, ko yaro ya iya samun ilimi in ba a tsara masa karatun kowace shekara ba?

Mu dubi makarantar allo a nan Rimaye. Babu aji, babu ƙararrawa. Malam yakan biya wa kowane yaro allonsa, ba ya kuwa wankewa sai ya riƙe. Mai kaifin kai ya yi gaba, mai nauyin kai ba a korarsa.

Karatun boko ya zo da wata hanya. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, daga nan tafiya aji aji ta bazu. Sa'anda gwamnati ta buɗe firamare ga kowa cikin 1976, ɗakuna suka cika. Shekara ta ƙare, a ciyar da aji gaba, har da wanda bai iya haɗa baƙi ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Almajiri ya san inda ya nufa, wato izu 60. Inda babu tsari, babu kuma manufa, malalacin malami ya sami mafaka, hasara kuwa ta yaro ce.

Ubangijinmu bai rubuta wa almajiransa 12 jadawali ba, amma ya zauna tare da su, ya kuma san aikin da yake shirya su dominsa. Saboda haka mu masu koyar da karatu cikin ekklesiya, mu tsai da manufa: kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Kada a wanke allon kowa tun bai riƙe ba.