Shiru Ba Lafiya Ba Ne: Wa Ake Yi Wa Magani, Yaron Ko Mu?

Gabatarwa

A tsawon shekarun da muka yi muna riƙe da alli, da wuya mu shiga aji ba mu tarar da yaro guda wanda kujera ba ta riƙe shi ba. Mukan kira shi mai rawar kai ko mai ƙiriniya, mu ɗauko bulala, gobe kuma a koma gidan jiya. To amma akwai wani yaro da muka koyar a aji ɗaya na ƙaramar sakandare wanda al'amarinsa ya wuce ƙiriniya. Ba ya kallon idon mai yi masa magana. In aka kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. In aka sauya masa wurin zama, ranar babu karatu. Ga shi kuma ba ya iya minti biyar a zaune. Duk da haka, in aka miƙa masa takarda da fensir, sai ya zana tashar motar da ya wuce da safe, har da lambar kowace mota.

Mahaifinsa ya kai shi asibiti, likita ya ce lalura biyu ce ta haɗu masa, ya rubuta magani. Bayan mako biyu yaro ya zauna shiru a aji, mu malamai muka yi ta murna. Ranar da mahaifin ya zo makaranta muka tare shi da albishir, muka ce, "Alhaji, ai yaro ya natsu." Sai ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Malam, a gida ma ya natsu. Sai dai ya daina cin abinci, ya kuma daina zane. Uwarsa ta ce wannan ba ɗanta ba ne." Wannan magana ita ce ta haifar da tambayar da muke son mu tattauna a nan, wato: in aka ba yaro magani ya yi shiru, shi aka taimaka ko mu?

Abin da aka sani game da lalurar da maganinta

Lalura ta farko ita ce otizim, wadda kafofin watsa labarai sukan kira galahanga. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya bayyana ta a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11 masu wahalar cuɗanya da mutane da ƙin sauyin abin da suka saba. Ta biyu ita ce rashin iya tattara hankali haɗe da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD. Shekaru da dama littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi bai yarda a ce yaro guda yana da duka biyun ba, sai a bugun 2013 aka amince cewa sukan haɗu, kuma haɗuwar tasu ba baƙon abu ba ce.

Abu na farko da ya kamata iyaye su sani shi ne, babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Magungunan da ake bayarwa suna rage wasu wahalhalu ne da ke tafe da ita. Na rashin natsuwa kuwa tarihinsa ya faro tun 1937, lokacin da likita Charles Bradley ya ba wasu yara Benzedrine a wani asibiti a jihar Rod Ailan, ya ga karatunsu ya gyaru. Wanda aka fi sani yanzu shi ne Ritalin, wanda ke ƙara ƙarfin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Yakan fara aiki cikin ƙasa da awa guda, nau'insa na gama-gari kuma yakan saki jiki bayan awa uku zuwa huɗu. Illarsa sananniya ce: ɗauke sha'awar abinci, hana barci, wani lokaci da saurin fushi.

A 2005 wani rukunin masu bincike a Amurka ya gwada wannan magani a kan yara masu lalurar biyu. Kusan rabinsu ne suka amfana, kimanin kashi 18 cikin ɗari kuma sai da aka tsayar musu da shi saboda illa. A wajen yaran da ba su da otizim kuwa, masu amfana sukan kai bakwai cikin goma. Ma'ana, yaro irin namu ya fi saurin jin illar magani, kuma babu likitan da zai iya faɗa tun farko wanne ne zai karɓe shi. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. In bai yi ba akwai Strattera, wanda sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Akwai kuma Risperdal, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006 domin tsananin fushi da cutar da kai ga masu otizim, amma yakan sa ƙiba da yawan barci.

Hujjar masu ƙi da hujjar masu so

Wasu za su ce, tunda haka ne, a bar yaro yadda Allah Ya yi shi. A ganinsu rawar kansa da zanensa daga tushe guda suke, kuma wanda ya danne ɗaya ya danne ɗayan. Wannan magana tana da nauyi, domin mun ga alamarta da idonmu. Sai dai masu faɗarta sukan manta cewa barin yaro ba magani shi ma hukunci ne da aka yanke masa, kuma shi zai ɗauki nauyinsa. Yaron da muke magana a kansa ya taɓa faɗawa titi a guje don ya hango wata mota. Ya sha bulala a kan laifin da ba da gangan ya yi ba. Yana son ya kammala zane, amma sai hankalinsa ya fizge shi kafin ya kai rabi, ya yayyaga takardar yana kuka. Wanda ya ga wannan ba zai ce yaron yana cikin jin daɗi ba.

Wasu kuma za su ce, ai iyaye da malamai ma mutane ne. Uwar da ta yi shekara goma ba ta yi barci cikakke ba tana da haƙƙi, haka yara sittin ko saba'in da ke ajin suna da haƙƙin su ji darasi. Wannan ma gaskiya ce, kuma bai kamata mu ga laifin uwar da ta ce ta gaji ba. Amma a nan ne haɗarin yake. Mu muke kai yaro asibiti, mu muke ba likita labari, mu kuma muke komawa mu ce magani ya yi ko bai yi ba. Yaron da bakinsa bai iya bayyana ciwon ciki ko bugun zuciya ba, ba shi da wakili a zaman. Alƙali da mai ƙara da shaida duk mu ne, kuma mai irin wannan matsayi yana da saurin ɗaukar hutunsa a matsayin lafiyar yaro.

Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don a gyara musu hali. Duk mun yi tir da abin. Amma wanda ya je kemis ya sayo maganin mura mai sa barci yana ɗura wa yaro kullum don gida ya yi tsit, niyyarsa ba ta yi nisa da ta mai ɗaura mari ba, illa dai nasa marin ba a ganinsa.

Ma'aunin da muke ganin ya dace

A ra'ayinmu, tambayar da za a riƙa yi ita ce: me yaron ya samu? Yana iya kammala abin da shi kansa yake so ya yi? Yana cin abinci, yana barci, yana dariya? Ya rage buga kansa a bango? In amsar ita ce e, to magani ya yi aiki, ko da yaron bai daina motsi ba. In kuwa abin da aka samu kawai shi ne aji ya yi shiru, to mu aka yi wa magani, shi kuma ya biya kuɗin da jikinsa.

Wannan ma'auni yana ɗora mana aiki. Tilas a sami ƙaramin littafi a riƙa rubuta lokacin shan magani, da abin da ya ci, da awannin barcinsa, da nauyinsa duk wata, a kai wa likita. Kada a sauya abu biyu a lokaci guda, don a san wanne ya yi tasiri. Kada a ƙara ko a tsayar da magani sai da sanin likita. A kuma tambayi yaron kansa, ko da hoto ne ko da nuni, domin mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, su ne wuraren da ya dace a fara tambaya, ba teburin mai kemis ba.

Kammalawa

Muka ba mahaifin yaron shawara ya koma wajen likita da maganar uwar, kamar yadda ta faɗe ta. Likita ya rage adadin maganin, ya ce a riƙa ba shi bayan ya karya kumallo sosai. Sai da aka yi zango guda ana gyare-gyare kafin a dace. Yaron bai zama kamar sauran yara ba, ba ma kuma sa ran haka. Yakan zauna kamar minti ashirin, sa'an nan mu aike shi ya goge allo ko ya kai rajista ofis. Muka kuma roƙi a riƙa barinsa ya fita kafin a kaɗa ƙararrawa, domin wannan wahalar tasa gyaranta yana hannunmu, ba a cikin kwalba ba. Ajin ya ɗan ƙara hayaniya fiye da makonnin nan biyu da muka yi murna da su. A ƙarshen zangon ya kawo mana zanen tashar mota, ya kammala shi har gefen takarda, uwarsa kuma ta aiko a ce mana ɗanta ya dawo.