Janar ɗin da ya rage wa hedikwata abinci

A watan Mayu na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, damina na sauka, ragowar sojojin Ingila suka tsallaka duwatsu daga ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, suka faɗa Indiya. Sojojin Japan ne suka koro su tun daga kudu. Tufafinsu sun zama tsumma, zazzaɓi da atini sun cinye su. Wanda ya jagoranci wannan ja da baya, Janar William Slim, shi aka damƙa wa sabuwar Runduna ta 14 a watan Oktoba na 1943, aka ce ya koma ya ƙwato ƙasar.

Rundunar kuwa taron dangi ce: Indiyawa, Gurka na Nepal, Turawa, da sojojin Afirka. A cikinta akwai Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi samari da yawa daga Arewacin Nijeriya da ƙasar da ta zama Gana, ga Hausa ita ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Su aka tura kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai jirgin sama ya jefo musu abinci da harsashi da laima. Barikin Kaladan na Tamale, a Gana, daga nan ya samo sunansa. Albashinsu bai kai na Bature ba, yaƙin ma ba nasu ba ne, wannan kuma tabo ne da kyawun halin janar ɗaya ba ya gogewa.

Da Slim ya buɗe takardun asibiti, sai ya ga sauro ya fi Japan ɓarna. A 1943, duk soja ɗaya da aka kwashe daga filin daga saboda rauni, an kwashe wajen 120 saboda ciwo. Maganin yana nan, wata 'yar ƙwaya mai suna mepacrine da ake sha kullum. Amma tana mai da fata rawaya, ga kuma raɗe-raɗin cewa tana kashe wa namiji gaba. Kowa ya san yadda saurayi zai yi da irin wannan ƙwaya in an juya masa baya.

Abin da aka saba shi ne a kama kurtun da ya zubar da magani a hukunta shi. Slim ya ɗaga ido sama. Ya sa likitoci su riƙa dira a bataliya ba sanarwa, su gwada kowa. In waɗanda suka sha maganin ba su kai kashi 95 cikin 100 ba, kwamandan bataliyar ne zai tattara kayansa. Uku kawai ya kora, sauran suka shiga taitayinsu. Daga nan hafsa ya fara tsayawa a kan mutanensa har ƙwaya ta wuce maƙogwaro, ya duba gidan sauro, ya tabbatar an sauke hannun riga da magariba. Aka kuma kafa wuraren jinya kusa da filin daga, mai zazzaɓi ya warke ya koma cikin 'yan'uwansa a mako uku, maimakon a kai shi can cikin Indiya ya shafe watanni.

Sai maganar ciki. Hanyar kawo kaya doguwa ce, sau da yawa abincin sojojin gaba yakan koma rabi. Slim ya kafa doka: ranar da aka rage wa na gaba, a rage wa hedikwatarsa, har da shi kansa. Abincin da aka yi tsiminsa bai isa ya ƙosar da kowa a daji ba, shi ma ya sani. Amma hafsan da ke riƙe da alƙalamin rabon kaya, in ya kwana da yunwa, ba ya barin takarda ta kwana a tebur.

Ya kuma riƙa yawo daga sansani zuwa sansani, ya hau kan gaban jif ya yi magana da mayaƙa da masu dafa abinci da direbobi, ya faɗa musu inda aka nufa da dalili. Da Gurka yakan yi yarensu, domin a cikinsu ya yi shekaru yana hafsa. Sojoji suka laƙaba masa "Kawu Bill". Sanin cewa tsoron Japan ya shige su, bai jefa su babban gumurzu da wuri ba. Yakan tura runduna guda a kan 'yan tsirarun abokan gaba, don waɗanda suka saba gudu su ɗanɗana nasara tukuna.

A watan Maris na 1944 Japan ta afko wa garuruwan Imphal da Kohima na Indiya. An yi wa garuruwan biyu zobe, abinci ya ragu, jirage ne kaɗai ke kawo ɗauki. A da, da zarar an datse wa sojojin Ingila hanyar baya sai a watse. Wannan karon an ce musu su tsaya, kaya za su zo ta sama, suka yarda da maganar suka tsaya. Zuwa Yuli, sojojin Japan ne ke ja da baya cikin ruwan sama, yunwa da zazzaɓi na kayar da su a hanya. A cikin Bama kuma, an ƙwato Mandalay daga hannun Japan a Maris na 1945, Rangoon a watan Mayu.