Razana Ba Kirari Ba Ce

A unguwar Sakasaka cikin Tamale, idan yaro ya cika ƙiriniya, sai uwarsa ta ce da Turanci ai shi "terror" ne, jama'a su yi dariya. Haka ma samari ke kiran ɗan ƙwallon da ya gagari masu tsaron baya. Kalmar ta zama kirari.

To, mece ce ainihin ma'anarta? Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin tsoratarwa. Ba irin tsoron kunama ko na duhu take nufi ba. Razana ce, wadda ke sa gwiwa ta yi sanyi, miyau ya ƙafe, hankali ya gushe. A Faransa, cikin 1793 da 1794, masu mulki sun fille kan dubban mutane domin saura su yi shiru. Har yau da wannan kalma ake kiran zamanin, kuma daga gare ta Turawa suka samo sunan ta'addanci.

Dattawan Sakasaka ba sa bukatar ƙamus. A farkon 1994, gardama a kan zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, ta tono tsohuwar rigimar ƙasa da sarauta tsakanin Konkomba a gefe guda, da Nanumba, Dagomba da Gonja. Aƙalla mutum 1,000 suka mutu, fiye da 100,000 suka bar gidajensu. Konkomban da ke zaune a Tamale suka tsere daga garin. Wanda ya ga wannan ya san aikin razana: tana hana mutum ganin ɗan Adam a fuskar maƙwabcinsa, kuma razananne yakan zama mai razanarwa.

Saboda haka yabon yaro da wannan suna ba ƙaramin abu ba ne. Ana koya masa cewa girma shi ne a ji tsoronsa. Gobe shi ne maigidan da in an ji takunsa a zaure, hira ta mutu, yara su ɓuya. Wannan ba ladabi ba ne, bauta ce.

Tsoron Allah dabam yake. Razana tana sa mutum ya zaro adda, tsoron Allah kuwa yana sa ya mayar da ita kube. Sa'ad da almajirai suka kulle ƙofa don tsoro, Yesu bai zo musu da barazana ba, salama ya kawo. Gidan da ake ɗokin dawowar maigida, shi ne ya fahimci wannan.