Fitilar filasta: ado ne ko ƙarya?

Duk wanda ya shiga sabbin gidajen Yamai ko Maraɗi ya ɗaga kai, aikin sitaf zai fara gani: furanni da zobba na filasta a rufin ɗaki, ƙwayayen lantarki ɓoye a bayansu. Sau da yawa an shafe su da fenti ruwan zinariya ko na tagulla, don baƙo ya ɗauka ƙarfe ne mai daraja. Shin abu mai araha da ya ari kamannin mai tsada ƙarya yake yi, ko kuwa kwalliya ce kawai?

Filasta ba ta da abin jin kunya. Daga dutsen jibsi take, irin wanda ake haƙowa a jihar Tawa don masana'antar siminti ta Malbaza. Idan aka gasa shi da zafin da ya kai digiri 150, kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke jikinsa ya fita, ya zama gari. A kwaɓa garin da ruwa, ya sake daskarewa cikin mintoci. Ba ta cin wuta, ba ta da nauyin ƙarfe, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga abin da ke rataye bisa kan yara. Amma babbar baiwarta ita ce farinta marar ƙyalli: tana karɓar haske mai kaifi, ta mayar da shi cikin ɗaki a tausashe, yadda ido zai huta.

Wasu masu fasaha sun gane haka. A shekarun 1930, a birnin Paris, masassaƙi Alberto Giacometti ya yi wa mai ƙawata gidaje Jean-Michel Frank fitilu na filasta, da yawa an bar su farare. A 1951 kuma Isamu Noguchi ya je garin Gifu na Japan, ya fara fitilunsa masu suna Akari da takarda da gora, bai ɓoye ko ɗaya ba.

Mai gida na iya cewa bai cuci kowa ba: talaka ma yana son kyau, kuma babu mai hankalin da zai zaci zinariyar gaske ce a rufi. Maganarsa tana da ƙarfi. Ai maginan unguwar Birni a Damagaram sun daɗe suna shafa launi a kan zanen ƙasa, ba wanda ya kira su maƙaryata. Sai dai a can launi yana fito da zanen ne, ƙasa kuwa tana nan a matsayinta na ƙasa. Fentin zinariya aikinsa dabam ne: so yake a manta da filasta.

Nan ne laifin yake, kuma mai gida ne farkon wanda yake cuta. Wurin da aka rufe da launin tagulla yana shanye hasken da fari zai mayar, inda fenti ke ƙyalli kuma yana dukan ido. Ɗaki ya dushe, a ƙara ƙwan lantarki, kuɗin wuta ya hau a ƙarshen wata. Baƙon da aka yi domin shi ya duba sau ɗaya ya wuce. Ƴar gidan da ke bitar karatunta kowane dare a ƙarƙashin wannan fitila ita ce ke matso da littafi kusa da fuska.